Ranar da Butar Shayi Ta Buɗe Kunnen Aku

Ka taɓa tsayawa a bakin injin niƙa wani yana yi maka raɗa? In ka taɓa, me ka yi: kunnenka ka kama ka ja don ya ƙara faɗi, ko mai injin ka roƙa ya kashe? Kada ka yi saurin cewa ai wannan ko yaron goye ya sani. Akwai ƙaton mutum, da gashin bakinsa da jakar kayan aikinsa, da ya zaɓi jan kunne har sati biyu.

Na-Gyara ake ce masa a layinsu, don ba a taɓa kai masa kaya ya ce bai iya ba. Fanka ce, rediyo ce, dutsen guga ne, kafin ya kwance noti na farko ya riga ya ce, "Na gyara!" Kayan kuwa sukan koma gida da ragowar notina a leda. Shagonsa na ƙasan wani bene mai hawa huɗu, gidansa na hawa na huɗun. A kan rufin benen kuma akwai abubuwa biyu da suka fi masa shagon da gidan. Na farko allonsa ne, wani tafkeken allo mai fitilu da ya kafa wata uku da suka wuce. Haruffan sukan kama ɗaya bayan ɗaya, INJINIYA NA-GYARA, sannan su ƙifta sau uku gaba ɗaya. Da rana ma ba ya kashe shi. Ko an ɗauke wuta, batirin gidansa yake ci, ta wata waya da ta bi ta tagar kicin. Na biyu kuwa wani ɗan ɗaki ne a kulle, wanda makullinsa ba ya hannunsa, abin da ke ci masa rai kullum.

A ɗakin nan Aku yake. Ba tsuntsu ba ne. Garin na da ƙungiyar masu rediyon sha'awa, mutum goma sha uku, kowa da lasisinsa da oba-obarsa, wato ƙaramar rediyon hannu da ake magana da juna ta cikinta. To oba-oba ta hannu ba ta cin dogon zango, sai suka kafa na'ura a rufin benen. Aikinta ta kasa kunne, duk muryar da ta tsinta, komai rauninta, ta maimaita da ƙarfi kowa ya ji. Shi ya sa suka raɗa mata Aku. Shekara tara makullin na hannun Malama Fiziks, tsohuwar malamar sakandare da ta yi ritaya, wadda ta taɓa ba Na-Gyara goma sha ɗaya bisa ɗari a jarrabawa. Ita ta manta. Shi bai manta ba.

Sai Aku ya kurmance. Na kusa yana jin su, na nesa kuwa ko oho. Wanda abin ya fi shafa shi ne Mai Zuma, wani dattijo mai kiwon ƙudan zuma can bayan duwatsu, inda wayar salula ba ta kamawa. Kullum ƙarfe huɗu na yamma yake kira a gaisa. Wata uku ba wanda ya ji muryarsa. Abin da ake ji kawai shi ne: shuuuu, tak-tak-tak, shuuuu, tak-tak-tak. Malama kuwa ciwon gwiwa ya hana ta hawa benen.

Aka yi taro a shagon Shugaban ƙungiyar, wanda yake mai kemis ne. Na-Gyara ya miƙe tun ba a ba shi dama ba.

"Jama'a, Aku ya tsufa kamar mai riƙonsa. Kunnensa ne ya yi nauyi. Ku ba ni makulli in ɗaura masa busta, na'urar ƙara ƙarfin ji, wallahi sai ya ji tarin tururuwa a bayan duwatsun nan."

Malama ta gyara zaman tabaronta. "Ɗana, Aku ba kurma ba ne. Ihu ake yi masa a kunne. Duk muryar da ba ta fi ihun ƙarfi ba, nutsewa take. Busta kuwa ba ta san wane ne Mai Zuma ba. Da shi da ihun duka za ta ƙara."

"Wannan karatun allo da alli ne, Malama. Yanzu zamani ya wuce nan."

"To ka fara da kashe duk abin da ke benen, ɗaya bayan ɗaya, kana saurare."

"Kashewa?" Ya yi dariya har da dukan kantar shagon. "Injiniya ba ya gyara da kashewa, ranki ya daɗe. Da ƙarawa yake gyara!"

Shugaba dai mutum ne da ba ya son hayaniya a gaban kwastomomi. Ya yanke: a ba Na-Gyara makulli sati biyu. Ranar Asabar ta sama, ƙarfe huɗu, in an ji Mai Zuma, makulli ya zama nasa har abada. In ba a ji ba, ya mayar wa Malama da hannunsa, a gaban kowa. Na-Gyara ya rataya makullin a wuya da igiyar takalmi, ya fito da shi saman riga.

Washegari ya ɗaura busta. Shuuuu ɗin ya koma SHUUUU.

"Kun ji?" ya yi shela ta oba-oba. "Ya fara ji! Da ma ƙarfi ne babu. Oba."

"Me ya fara ji? Oba," in ji Shugaba.

"Komai! Oba."

Rana ta uku ya ƙara busta ta biyu a bayan ta farko. Nan fa Aku ya haukace. Ya fara jin muryar kansa, yana maimaitawa, yana sake ji, yana sake maimaitawa, har ya koma wani irin kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Yini guda oba-oba goma sha uku suna wannan kukan a gidaje goma sha uku. Wata mai jego da ta shiga kemis sayen maganin tari ta juya da gudu, ta ɗauka gobara ce.

Sai ya cire busta ta biyu, ya ce jabu aka sayar masa. Yana cikin lalube ya gano wani maɓalli da ke hana Aku buɗe baki sai murya ta kai wani ƙarfi. Ya murɗa shi har ƙarshe. Tsit! Ba shuuu, ba tak. Ya fito bakin rufi ya ɗaga hannu biyu.

"Na gyara!"

Ya zauna yana jiran kiran taya murna. Awa ɗaya, awa biyu, ba wanda ya kira. Can sai ya ji ana ƙwala masa kira daga titi. Ya leƙa, Shugaba ne a tsaye, gumi sharkaf, oba-oba a hannu.

"Kai Na-Gyara! Tun safe nake kira daga shagona, layi biyu kacal tsakaninmu! Yanzu ma ga ni a gindin benen ina dannawa, bai ji ni ba!"

"Amma ai ka ji shiru, ko Shugaba? Ƙarar ta tafi!"

"Gawa ma shiru take! Bakina ya fi Akunka cin zango!"

Ya mayar da maɓallin inda ya same shi. Shuuuu, tak-tak-tak.

Daga nan ya ce matsalar tsawo ce. Ya dubi rufin, ba abin da ya kai ƙarfen allonsa tsayi. Ya kwance eriyar Aku daga sandarta a can kusurwa, ya kinkimo ta ya ɗaure a ƙololuwar allon, daidai saman harafin J. Ya ja baya yana kallon abubuwan ƙaunarsa biyu sun rungumi juna, har ƙwalla ta zo masa. Daga ranar, mutum huɗu da a da ake jin su suka bi sahun Mai Zuma.

A nan ne ya yarda akwai mai ihu. Bai ce Malama ce ta faɗa ba, cewa ya yi bincikensa ne ya nuna. Ya shiga ɗaki ya kwashe hangogin ƙarfe na matarsa, ya zubar da rigunanta a kan gado.

"Baban 'Yan Biyu, me zan gani haka?"

"Kimiyya, Maman 'Yan Biyu. Eriyar farauta zan haɗa."

"Kimiyyar ce za ta goge min kayan? Kuma ka zo ka raba ni da wayar nan ta kicin. Soket ɗaya ne ke kan batiri, allonka ya mallake shi. Da an ɗauke wuta sai in koma kamar ba ni da miji mai gyaran lantarki."

"Kada ki kuskura ki taɓa wayar nan. Allon nan shi ne fuskata."

"Shi ya sa take ƙifce-ƙifce," ta ce, ta ci gaba da tsince rigunanta.

Ya fita layi da eriyar hanga a gaba, oba-oba a kunne, yana tafiya a duƙe kamar mai neman kwabon da ya faɗi. Duk inda ya juya, da bakin eriyar ya kalli benensu sai ƙarar ta tashi. Ya tsaya ya yi tunani mai zurfi. Ya ce amsa-kuwwa ce: ƙarar tana dukan benen ne ta dawo. Ashe mai laifi yana ɗaya ɓangaren. Ya juya baya ga gidansa, sai ga shi ido da ido da Mai Walda.

"Kai ne! Injinka ke toshe mana sararin samaniya."

Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa. "Oga, yau kwana biyu ba wuta. Da me nake toshewar? Da hamma?"

"Ragowar wutar shekaranjiya ce ta maƙale a wayoyinka."

"To zo ka taɓa ka ji in ta maƙale."

Bai taɓa ba. Ya wuce shagon Mai Aski, mai aiki da ɗan janareto, ya sa hannu ya zare soket ana tsakiyar aski. Kwastoman, wani direba mai faɗin kafaɗa, ya dubi madubi: rabin kai tas, rabi daji. Injin askin kuma, da yake Na-Gyara ne ya taɓa gyara shi, in ya mutu sai ya huce minti arba'in kafin ya sake tashi.

"Wane ne wannan?" in ji direban, yana miƙewa a hankali.

"Injiniyanmu ne," in ji Mai Aski. "Ƙara yake nema."

"Zai samu."

Na-Gyara ya bar hanga biyu da takalmi ɗaya a shagon. Bai tsaya ba sai gaban Tela, yana haki, ya nuna keken ɗinkinsa da abin da ya rage na eriyar.

"Allah ya shirye ka," in ji Tela. "Keken ƙafa ne. Sai dai in ƙafata ce ke watsa shirye-shirye."

Amma Na-Gyara ba ya faɗuwa ƙasa, a kan wata dabarar yake faɗuwa. Ya bi shago shago, gida gida, yana roƙo: ranar Asabar, daga huɗu saura kwata zuwa biyar, kowa ya kashe komai. Firiji, talabijin, janareto, cajar waya. In layi ya yi tsit, duniya za ta ga aikin busta. Abin mamaki kowa ya yarda. Ba don sun gamsu ba, don dai an daɗe ba a yi abin kallo a layin ba. Shi kuma ya aro manyan lasifikoki biyu ya rataya a rufi, ya haɗa su da Aku, don kada wani ya ce ba a gabansa aka yi ba.

Asabar, huɗu saura kwata, layi ya cika. 'Yan ƙungiya a gaba da oba-obarsu, Malama a kan kujerar da Mai Aski ya fito mata da ita, direban nan ma ya zo da hula. Injina sun mutu, shaguna sun yi duhu. Abu ɗaya ne ke da rai a layin gaba ɗaya, can sama: INJINIYA NA-GYARA, ƙift-ƙift-ƙift. Shi kansa yana bayan allon, a ƙofar ɗakin Aku, da makirfo a hannu. Kafin ya hau ya umarci matarsa ta tanadi shayi na mutum talatin, na shagalin nasara.

"Jama'a!" lasifikoki suka ɗauka. "Yau za ku ga bambancin injiniya da mai koyar da injiniya!"

Ƙarfe huɗu ta buga. Ya buɗe Aku. SHUUUU, TAK-TAK-TAK! Tantabarun da ke kan waya suka watse.

"Wani bai kashe nasa ba!" ya yi ihu. "Mai Walda, ina kallon ka!"

"Ga hannuna biyu a aljihu, Oga!"

"Mai Aski!"

"Injin da ka gyara ne, ko na kunna ba ya tashi!"

Tela kuwa ya ɗaga kai yana kallon sama, ƙafarsa na buga ƙasa. Mutum ne da ya shekara talatin yana bin kiɗan keke. "Malama," ya ce, "ni ko kunnena ne? Ƙarar nan da fitilun can, kamar rawa ɗaya suke takawa."

Malama ta ɗaga tabarau, ta bi wayar eriya da ido har saman harafin J. Ta buɗe baki ke nan, sai allon ya mutu ɗif.

A hawa na huɗu, Maman 'Yan Biyu ta duba ta ga gas ya ƙare, maigida ya sa an kashe wutar benen, ga shayin mutum talatin. Soket ɗaya ne mai rai a gidan. Ta zare wayar allo, ta soka butar lantarki.

Ƙarar ta yanke kamar an sa almakashi. Sai ga wata murya, tsohuwa, a natse, ras kamar mai ita na zaune a kan dakalin Tela.

"…Aku, Aku, Mai Zuma ne. Yau ma na san ba mai ji na, amma zan yi maganata, na saba. Ni ina jin ku sarai, ku ne ba ku ji na."

Layi ya kaure da sowa. A bayan allo, Na-Gyara ya daka tsalle. Bai ga abin da mutum ɗari suka gani ba.

"Na gyara! Kun ji? Na gyara! Malama, ina goma sha ɗayan naki?"

"Ai ga shi nan ya fara," muryar ta ci gaba. "Na-Gyara, sati biyu ina jin cika bakinka. Injin tatsar zuma da ka gyara min bara, har yau da baya yake juyawa. In na zuba saƙa, ni yake tatsa. Ƙudan zumana ma sun san muryarka, da ka ce oba sai su shige amya."

Direban nan ya zauna a ƙasa don dariya.

"Wannan duk mai sauƙi ne. Ranar Talata matata ta faɗi a bakin rijiya, motata ta ƙi tashi. Awa biyu ina danna abin nan ina kiran ku. Kai kana ciki kana karanta wa mutane lambar bustarka. Jakin maƙwabci ne ya kai mu bakin titi. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma jakin nan, ka ji, ya fi ka aiki, kuma ko sau ɗaya bai ce shi injiniya ba ne. Oba."

Dariyar ta tsaya. Shugaba ya danna oba-obarsa. "Baba Mai Zuma, muna jin ka. Wallahi muna jin ka. Oba."

"Kuna ji na? Tun yaushe? Oba."

"Tun daga injin tatsa. Oba."

"To madalla. Ban janye ko ɗaya ba. O…"

Buta ta tafasa. Maman 'Yan Biyu, mace mai kiyaye umarnin miji, ta zare ta, ta mayar da wayar allo. I, N, J suka kama. SHUUUU, TAK-TAK-TAK.

"Maƙiya!" Na-Gyara ya yi kururuwa. "Wani ya kunna! A kama Mai Walda!"

Malama ta miƙe da sandarta, ta ɗaga murya irin ta aji mai ɗalibi tamanin. "Maman 'Yan Biyu! Leƙo, 'yata. Me kika yi yanzun nan?"

Kai ya fito ta taga. "Ruwan shayi na dafa, Malama. Laifi ne?"

"Sake dafawa."

Allo ya mutu. "…ina cewa, wa ya sake sakin shaiɗanin nan? Oba," in ji Mai Zuma.

"Mayar."

Shuuuu.

"Zare."

"…ko kuna wasa da ni ne? Oba."

A karo na uku layin gaba ɗaya ne ke ba da umarnin, har da tafi. "Mayar! Zare! Mayar! Zare!" Sai a lokacin Na-Gyara ya zagayo gaban allon don ya ga wa ake wa ihu. Ya tsaya. Ya ga sunansa ya kama, ƙara ta tashi. Ya ga sunansa ya mutu, tsoho ya yi magana. Ya dubi makirfon hannunsa, ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai.

Hawa huɗu ne, amma ya fi minti goma yana saukowa. Aka buɗe masa hanya har gaban kujerar.

"Shugaba," ya ce, "a bisa ƙa'ida ai an ji Mai Zuma. Sharaɗin ke nan."

"An ji shi," in ji Shugaba. "In bin ƙa'ida za a yi, matarka za mu ba makullin."

Ya cire igiyar daga wuya. Ta maƙale a kunnensa, sai da Mai Aski ya taimaka. Malama ta karɓa, ta jefa a jaka.

"Ɗana, sati biyu kana neman mai yi wa Aku ihu. Sunanka ne. Da manyan baƙi." Ta juya ga Shugaba. "Gobe a mayar da eriya kusurwarta, a cire bustar, a canja wa allon nan tiransifomar banza da ke cikinsa, ko ya zauna a mace. Sannan mu ɗauki mota mu je mu duba matar bawan Allahn nan."

Maman 'Yan Biyu ta sauko da tire da kofuna, butar a hannu. Mutane suka yi wa butar tafi. Na-Gyara ya dube ta, sai gashin bakinsa ya fara motsi, alamar wata dabara ta taso.

"To ai jama'a, in an bi salsala, butar nan da ta warware matsalar, ni ne na gya…"

"Ita kaɗai ce a gidan ban taɓa bari ka taɓa ba," in ji matarsa. "Karɓi shayinka."

Kai kuma mai karatu, in rediyonka ko oba-obarka ta fara shuuu, don Allah kada ka nufi kasuwa neman busta. Tashi ka bi gidanka soket soket, caja, fitila, talabijin, kana zarewa kana saurare. Ka kuma fara da abin da ka fi alfahari da shi.